Kafin Baffanka Ya Biya Kuɗin Tantan

"Oga, baffana ya sayi saura eka goma sha biyu a wajen Gumel, an daɗe ba a noma ta ba, duk sabara ce da kalgo da kututture. Yana son ya sayi tantan ta hannu ya share wurin da ita. Ya ce in tambaye ka wacce zai saya, kuma me zai duba."

To, fara gaya masa abin da ba zai so ji ba: tantan ba katafila ba ce. An ƙera ta ne ta ja garma da haro da tirela. Sharar daji aikin gatari ne da diga da adda. Sabara da kalgo ka gan su ƙanana a sama, amma saiwarsu a ƙasa take, shi ya sa kake sare su bana su tofo baɗi. Ya sa 'yan ƙwadago su bi su da rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, su haƙa gindin kowanne su yanke saiwar a ƙalla taƙi guda ƙasa da fuskar ƙasa. Kututturen da aka bari a ɓoye shi ke tsaga faifan garma, ya fasa boris, wani lokaci ya lanƙwasa hannun ɗaga kaya na baya. Ƙayar aduwa da ta magarya kuma a tattara a ƙone, don tayar gaba ba ta jure musu. Gawo da tsamiya da ɗorawa a bar su. Gawo ma taki yake ba gona, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa.

In ya zama dole a ja wani kututture da aka riga aka haƙe gindinsa, a ɗaura sarƙa a ƙarfen jan tirela na ƙasa, wanda ke ƙasa da gatarin tayoyin baya, wato ƙarfen da ya haɗa su. Kada a kuskura a ɗaura ta a sama, wurin da sandar garma ta tsakiya ke shiga. In kututturen ya ƙi tasowa, tayoyin baya suna cije ƙasa, gaban motar ya ɗaga, ta kife ta baya a kan direba cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, kafin ƙafarsa ta kai kuloci. Wannan ka riƙe shi da kyau, kai da za ka riƙa hawa.

Sai maganar wacce. Ni a ganina ya nemi Massey Ferguson 375. Ƙarfin doki kusan 75 ne, injin Perkins mai silinda huɗu, tana jan garma mai faifai uku ba tare da nishi ba. Dalilina ɗaya ne: kayan gyaranta. Ka shiga Kofar Ruwa a Kano ka nemi ringi ko nozul ko faifan kulocinta za ka samu, kuma da wuya ka je babban gari a Jigawa ka rasa makanikin da ya taɓa buɗe ta. Ƙaramarta, 135, mai silinda uku da ƙarfin doki wajen 45, ta isa gonar eka goma sha biyu, ba ta shan gas sosai, sai dai ta tsufa ƙwarai, an daina ƙera ta tun shekarun 1970. Za ku ga tsoffin Fiat da Steyr, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kano da Bauchi. Ƙarfe ne mai kyau, amma kafin ya saya ya tabbata ya san shagon da ke da kayansu. Motar da ba a san irinta a yankinku ba, ko rabin kuɗi aka ce, ya wuce. Araha ba ta ado: ƙaramin ƙarfe ɗaya zai ajiye ta tun saukar ruwa har a gama huɗa.

Ƙasar Gumel rairayi ce, mai jan taya biyu ta wadatar. Mai jan huɗu ta masu shinkafa ce a laka, irin fadamar Hadeja ko Kura, kuma gyaran gabanta kuɗi ne.

Ranar dubawa ku yi sammako, ku ce kada a tayar da ita sai kun zo. Ɗora hannunka a jikin injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar don a ɓoye wahalar tashi, ku koma gobe. Inji mai lafiya yana kamawa da kik ɗaya ko biyu. Wadda sai an tura, ko an fesa mata wani abu a hanyar iska, mai yiwuwa ƙarfin matsin injinta ya tafi. Da ta tashi ka kalli salansa. Ɗan hayaƙi na farko ba komai. Shuɗi da ya ƙi ɗaukewa, tana ƙona baƙin mai, ringi ne. Baƙi ƙirin, nozul ko injekta ko matatar iska ta toshe, wannan da sauƙi. Fari mai kauri bayan ta yi zafi, ruwa na shiga silinda. Sannan ka duba bututun numfashi da ke sauka a gefen injin: in yana fuƙa hayaƙi yana ɗigar da mai, lissafa kuɗin sauke inji a cikin farashin. Tun tana sanyi ka buɗe murfin lagireto, kada ka buɗe da zafi. In ta tashi ka ga kumfa na tasowa, ko mai na yawo a kan ruwan, gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage. Zaro sandar gwada mai ta inji da ta giya. Man da ya koma fari-fari ruwa ya shiga cikinsa, kuma a Massey man giya shi ne man haidirolik, don haka ɓarnar wuri biyu ce.

Agogon awanni kada ka yarda da shi, yawancinsu sun mutu ko an juya su. Kalli fedar kuloci da ta birki yadda ƙafa ta cinye su, da ramin ƙarfen jan tirela, in ya tashi daga zagaye ya yi tsawo ta sha jan kaya. Sabon fenti kuwa ƙara buɗe ido. Bi jikinta da yatsa ta ƙasa, wurin da inji ya haɗu da akwatin giya, da gatarin gaba, ka nemi walda. Tantan ba ta da wani firam a ƙarƙashi, jikin nan shi ke ɗauke da ita. Wadda aka taɓa yi wa walda a nan ku bar ta.

Kada ya biya sai an ɗaura mata garma an shiga ƙasa, a titi kowace tantan lafiyayya ce. A ɗaga garmar sama a kashe inji. In ta fara sauka kana kallo, haidirolik na zurarwa ta ciki. In tana ɗagawa da karkarwa, famfon ne. A sa faifai a ƙasa a yi aiki na rabin awa: injin da ke ƙara kuka amma motar ba ta gaba, kuloci na zamewa, kuma canza shi sai an raba motar gida biyu. Kulocin hawa biyu ne, rabin taki yana tsayar da taya, taki har ƙasa ya tsayar da shaf ɗin baya, wanda ke juya injin sussuka. Gwada duka biyun. Shiga kowace giya ka ga ko tana fita da kanta. Taka birkin hagu daban, na dama daban. Girgiza tayar gaba da sitiyari ka ji wasa. Tayoyin baya, masu lamba 16.9-30 a 375, ka duba gefensu ko rana ta tsattsaga su, domin guda biyu sababbi kuɗi ne da zai iya canza cinikin gaba ɗaya.

Lambar da ke jikin mota da ta inji su yi daidai da takarda. Wadda ta fito daga wani shirin gwamnati ko na ƙungiya, ya ga shaidar an gama biyan bashinta kuma an halatta sayarwa. A rubuta ciniki gaban shaidu, kuma a yi magana da mai ita, ba dillali kaɗai ba.

Kada ya zuba kuɗinsa duka a motar. Ya ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kayan aiki da gyaran farko. A rairayi haro da rija mai yin huɗa sun fi masa garma amfani, don noma mai zurfi yana juyo da matacciyar ƙasa sama, iska kuma ta kwashe ta kirkin. Haro sai ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, busasshiya cinye faifai take. Ya kuma sani eka goma sha biyu aikin kwana biyu ne ko uku, ba za ta riƙe tantan ba. Sai ya haɗa da haya a gonakin maƙwabta, da tirelar ɗaukar taki da yashi da amfanin gona.

Ranar da ta iso gida, kafin ta shiga gona, ka juye baƙin mai da man giya, ka canza filtar mai da ta gas, ka wanke tanki, ka bi duk wuraren giris. In matatar iskarta mai kwanon mai ce, a ƙurar rani kullum da safe ake duba kwanon. Baƙin mai kuma duk awa 250 na aiki, ka rubuta ranar a bangon shago.