Ni ba lauya ba ce, ƙanwata

Saƙonki na uku ke nan cikin wata guda, duk zancen ɗaya: kin gama karatun shari'a a Kongo, harabar jami'ar ABU ta Zariya, an ce miki ina aikin lauya a Ingila, in buɗa miki hanya. Wanda ya kai labarin nan Tudun Wada ya ƙara gishiri.

Aikina tsaya wa mutumin da ba ya iya yanke wa kansa shawara, ko don ciwon mantuwa, ko shanyewar ɓarin jiki, ko haɗarin da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wata doka ce ta 2005 ta kawo shi, ya fara a 2007. In za a yi wa irin wannan mutum babban magani, ko a kwantar da shi asibiti fiye da kwana 28, ko a kai shi gidan kula da tsofaffi fiye da sati 8, kuma ba shi da dangi ko abokin da za a tuntuɓa, dole a kira irina. Ba ni ke yanke hukunci ba. Ina zama da shi, in karanta fayil ɗinsa, in rubuta abin da shi zai so, in ja da likita in ta kama.

Kin ji na ce ba dangi? Wallahi har yau abin bai daina taɓa ni ba. Wani tsoho, sati biyu ina neman wanda ya san shi, ban samu kowa ba sai mai shagon da yake sayen jarida. Daga bakinsa na ji cewa tsohon ba abin da yake tsoro kamar a raba shi da karensa. Na tuna ranar da aka kwantar da Kaka a Shika, sai da nas ta kori masu dubiya, kwanukan abinci har ƙarƙashin gado.

Shekara 6 na yi ina wa tsofaffi wanka kafin in kai nan, ina karatu da dare. A watan farko na ɓoye wa wata mai ciwon suga alewarta, a ganina taimako ne. Manaja ta wanke ni tas a gaban kowa: matar da hankalinta, dokarsu kuma ta ce zaɓin banza ba shaidar rashin hankali ba ne. Na yi kuka a banɗaki. Ko babban ɗa a nan, ba ya sa hannu a madadin uwarsa sai da takardar wakilci ko izinin kotu.

Ƙofar da na bi ma an rufe ta. Tun Maris 2024 aka hana masu aikin kula zuwa da iyali, ranar 22 ga Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Duk ejan ɗin da ya ce miki yana da takardar shigowa wannan aikin, cin kuɗinki zai yi. Kada ki bari Baba ya sayar da filin Dakace a kan wannan.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata maganin gwiwarta na hanya.