Ku Tambayi Kawu: Me ya sa harsasaina ke watsewa alhali saitina daidai ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikacin tsaro ne a nan Bauchi, an saka ni cikin waɗanda za su wakilci rundunarmu a gasar harbin allo, mita 100 a kwance. Abinda ke damuna shine in na harba biyar, uku su taru waje ɗaya biyu kuma su fice sama ta hagu, kuma wallahi saiti ɗaya nake yi. Wani abokin aikina yace bindigar ce ke murɗewa in harsashi zai fita, wai in matse ta da iya ƙarfina. Na gwada abin ya ƙara lalacewa. Meye gaskiyar murɗewar nan?
Daga ɗanka, Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'a. Abokinka yayi gaskiya a rabi, bindiga tana murɗewa, amma maganin da ya baka shine ya ƙara maka ciwon.

Ka cire harsashi ka tabbatar babu komai a ciki sannan ka leƙa bututun raifil ɗinka wajen haske, zaka ga wasu layuka sun nannaɗe kamar igiyar da aka tufka. Aikinsu su sa harsashi juyawa don ya tafi da kansa a gaba, kamar dai katantanwar da yara ke murzawa, muddin tana juyi bata faɗuwa. Kuma juyin ba na wasa bane, in layin yana zagaye ɗaya a kowane santimita 25, harsashin kuma yana fita da gudun mita 800 a daƙiƙa, toh kaga yana juyawa sau 3,200 kenan a daƙiƙa ɗaya. Yawancin raifil layinsu dama yake murɗawa, harsashi ya juya dama ita kuma bindigar ta nemi juyawa hagu a hannunka. In ka taɓa riƙe injin huda ƙarfe na masu walda ka ji yadda yake fizgar wuyan hannu lokacin da bakin ya cije, to shine, sai dai na bindiga ƙarami ne sosai kuma an fi jinsa in harsashin mai nauyi ne bindigar kuma shafal.

Babban abin ba murɗewar bace, naushin da take yi baya ne. Bindiga mai kilo 4 da ta tura harsashi mai giram 10 da wancan gudun, ita ma zata dawo baya da kusan mita 2 a daƙiƙa, ban ma sa tururin albarushi a lissafin ba. Sannan bututun yana sama da inda ƙotar ta zauna a kafaɗarka, shi yasa naushin baya tafiya a miƙe, sai hancin ya ɗaga. Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu, mutane da yawa suna ɗauka sai harsashi ya fita sannan bindiga ke motsi, a'a, tare suke farawa. Harsashin yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kafin ya bar bututu, a ɗan wannan lokacin bindigar ta riga ta ja baya da milimita ɗaya zuwa biyu, kuma abinda ta tarar a bayanta shine zai faɗa mata inda hancinta zai kalla, wato kafaɗarka da kuncinka da tafin hannunka. In bututun santimita 60 ne hancin ya kauce da milimita 1 kacal, a mita 100 ya zama kusan santimita 17. Kaurin farce fa ake magana.

Don haka ni a ganina ukun nan da suke taruwa riƙo ɗaya kayi musu, biyun kuma riƙonka ne ya canza baka sani ba. Na sha tsayawa a bayan masu harbi ina kallon hannunsu ba allon ba, zaka ga mutum harbi na farko ƙotar tana cikin ramin kafaɗa, kafin na huɗu ta zamo ta hau kan dantse, gwiwar hannu ta ja gefe a kan tabarma, yatsun hannun dama har sun yi fari don matsa, shi kuwa yana ta rantsuwa saitinsa bai motsa ba. Kuma gaskiyarsa, idonsa bai ga komai ba. Matsewa da ƙarfi matsalarta ba zaka iya maimaita ƙarfi iri ɗaya sau goma ba, tsoka tana gajiya ta fara rawa, balle a ranar Bauchi ta watan Afrilu gumi na shiga ido.

Abinda zakayi, ka kwanta ka ɗau saiti ka rufe ido, ja numfashi biyu ka saki jiki sannan ka buɗe. In saitin ya bar tsakiya kar ka jawo bindigar da hannu, ka gyara kwanciyarka gaba ɗaya daga ƙugu har sai ta kalli tsakiyar da kanta. Hannun hagu ya zama matashi kawai, ƙashi da maɗaurin bindiga su ɗau nauyin. Kunci ya sauka waje ɗaya kullum, wasu har ɗan salatif suke mannawa a ƙota don su ji wajen. Kar ka bari ta karkata, in ta kwanta hagu harbin zai tafi hagu kuma ƙasa. Kunama kuma a matsa ta a hankali kai tsaye baya bayan ka fitar da numfashi, in ta tashi kar ka ɗaga kai da sauri don ganin sakamako, ka zauna a saitin ka lura da inda hancin ya yi tsalle ya sauka. In kullum waje ɗaya yake sauka riƙonka ya zauna. Ka kuma roƙi malamin filinku ya cusa maka harsashin gwaji mara albarushi a tsakiyar na gaske ba tare da ka san na nawa bane, ranar zaka ga ko kafaɗarka tana zabura tun kafin ƙara. Sai harsasan sun taru waje ɗaya tukuna zaka taɓa saitin bindiga.

TAMBAYA: Kawu ni bindigar iska nake da ita irin wadda ake karyawa, ina harbin takarda a mita 10. In na ɗora ta kan bulo sai ta fi kuskure fiye da a hannu, ko jabu aka sayar min?
Daga ƙanwarka, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Ba jabu bace ƙanwata, halinta ne. A cikinta akwai sifirin da fistin mai tura iska, in kin ja kunama fistin ya ruga gaba bindigar ta ja baya, ya daki ƙarshe ta sake fizgowa gaba, duk wannan yana faruwa ne ƙwayar dalmar da ake harbawa tana ciki bata fita ba saboda gudunta bai kai na harsashi ba. Kan bulo sai ta yi tsalle. Ki shimfiɗa tafin hannunki a kan jakar yashi ki ɗora ta a kai a buɗe, waje ɗaya kullum, ki barta tayi motsinta. Irin waɗanda ake gasar Olamfik da su iska ce a matse cikin silinda, kusan basa motsi, dole ma tunda tsakiyar allon mita 10 ɗigo ne mai faɗin rabin milimita dalmar kuma milimita 4.5. Kar ki taɓa harba taki babu dalma a ciki, yana lalata fistin, kuma ki tabbatar bayan takardar akwai tudun yashi, ba katangar da yara ke wucewa ta bayanta ba.