Tambayi Likita: An ga tabo a hantar Baba, ko mayeloma ce ta kai can?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Babanmu ke fama da mayeloma, muna kai shi asibitin Komfo Anokye karɓar magani, toh kwanan nan cikinshi ya ɗan kumbura ta dama aka yi mishi sikanin aka ce an ga tabo-tabo a hanta, yanzu kuma wai sai an yi wani hoton da ake ce wa CT har da maganar ɗibar nama, wallahi hankalinmu ya tashi. Ciwon ne ya bazu? Kuma me ya sa hoto ɗaya bai isa ba, ga tsada? Daga 'yar'uwarku a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Mayeloma kansa ce ta ɓargo, ƙashi da ƙoda da jini ta fi taɓawa, amma takan kai hanta, wani lokacin ta watsu cikinta hantar ta yi girma kawai, wani lokacin ta yi ƙulli-ƙulli.

Sikanin da aka yi mishi, irin na masu juna biyu ne, ƙullin zai nuna a ɗan duhu haka amma ba zai faɗi ko na mene ne ba. CT ko MRI, wato hotunan da ke fito da cikin jiki dalla-dalla, su ke nuna yawan ƙullin da girmansu sarai, duk da haka su ma ba sa yanke hukunci, don kansar hanta da ciwon hanta nau'in B ke jawowa, wadda muke da ita sosai a Ghana, da kansar da ta taso daga hanji ko ma ƙurji mai ruwa, duk suna iya kama da juna a hoto, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Shi ya sa ake sa siririyar allura a ɗebo ɗan ƙanƙanin nama a duba, ana kashe wurin tukuna, dan Allah kar ku ƙi.

Abin da ya fi damuna ƙodarshi ce. Ruwan da ake ɗurawa ta jijiya lokacin CT yana iya wahalar da ƙodar mai mayeloma, ki tabbata an auna ƙodar kafin nan kuma kin gaya wa mai ɗaukar hoton ciwon da ke damunshi. Diclofenac da ibuprofen na ciwon baya ma a ajiye su sai likitanshi ya yarda.

Ranar zuwa ki haɗa duk tsoffin hotuna da takardun gwajin jini ki tafi da su, da su ake gane ko tabon sabo ne.