Ya ce zai koma "pagos" ɗinsa: kuɗina yake nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata 8 ke nan ina koyon Sifaniyanci. Na yi wa wani mutumin Ajantina aikin zane ta intanet, ya biya rabi, saura rabi. Da na tuntuɓe shi sai ya rubuto: "Estoy de viaje, cuando vuelva a mis pagos te escribo." Manhajar fassara ta ce mini zai rubuto idan ya koma kan biyan kuɗaɗensa. Na ɗauka alkawari ne, har na ci bashi a kai. Yau mako 3 shiru. Yaudarata ya yi ko ni ne ban gane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mutumin nan bai ambaci kuɗi ba ko da wasa. Cewa ya yi yana kan tafiya, in ya koma gida zai rubuto maka. A bakin mutanen Ajantina da Uruguay, "mis pagos" na nufin mahaifata, yankin da na tashi. In ka ji "por estos pagos", a nan wajajenmu ake nufi.

Kalmomi biyu ne suka yi karo a rubutu, kamar garin da aka haife ka da garin tuwo, sai dai na Sifaniyancin ko a furuci ba su rabu ba. Pago na biya daga pagar yake, shi kuma daga pacare na Latin, wato kwantar da hankalin wani. Wanda ya taɓa bin bashi ya san dalili. Pago na gida kuwa daga pagus yake, gundumar karkara a zamanin Rumawa, tushen da ya haifi país, ƙasa. Lokacin mulkin Sifaniya haka ake kiran yankunan karkarar da ke kewaye da Buenos Aires, irin su Pago de Areco da Pago de la Matanza. Rosario ma, garin su Messi, a Pago de los Arroyos ya tsiro. Makiyayan da ake kira gaucho suka riƙe kalmar a waƙe-waƙen kewar gida, har ta zauna a bakin kowa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan zato da nake karo da shi kullum, wai kowace kalma ma'anarta ɗaya ce, kuma duk abin da waya ta faɗa ya zauna. Masu tallar "Sifaniyanci cikin kwana 30" su suka shuka shi. Su miƙa wa ɗalibi jerin kalmomi, ɗaya a hagu ɗaya a dama, ya haddace kamar lissafin sau, su karɓe kuɗinsa. Na taɓa jin wani daga cikinsu, da aka ƙure shi da wannan kalmar, yana cewa wai gida ai shi ne inda mutum ke biyan haraji, shi ya sa sunan ya zo ɗaya. Shaci-faɗi ne tsagwaronsa. Da ya ce bai bincika ba, da ya fi masa mutunci.

A hirar abokai wannan abin dariya ne. A maganar kuɗi kuwa asara ce, ga ka nan da bashi a wuya. Kuma tarkon bai tsaya nan ba. Pago biya ne, ko "ina biya". Pagó, da ɗan karan nan a kan o, "ya biya" ke nan, an gama. Pagaré na iya zama "zan biya", na iya zama takardar amsa bashi da ake sa wa hannu. Mutane da yawa ba sa wahalar sa karan a saƙon waya, manhajar kuma sai ta yi canki-canka, kai kuma ka gina lissafinka a kai.

Dubi maƙwabtan kalmar. In ta zo da volver (komawa), ko extrañar (kewa), ko "por estos", gida ne. In kuɗi ne za ka ga hacer (yi), recibir (karɓa), en efectivo (kuɗi hannu) ko comprobante (rasit) a kusa.

Ko zai biya ka, jimlar nan ba ta nuna ba, don haka kada ka yi masa kallon macuci tukuna. Rubuta masa kai tsaye, ka sa adadi da rana cikin lambobi: "¿Cuándo me pagás el resto?", wato yaushe za ka biya ni sauran? Pagás suke cewa a can, nauyin a gaɓar ƙarshe. In ya ce ya tura, ka ce "Mandame el comprobante de pago", wato ya aiko maka da rasit.