Yaya Singafo take tsare kanta duk da ƙanƙantarta?

Malam, ka tambaya ko tsibiri kamar Singafo zai iya kare kansa. Zai iya, kuma abin ya burge ni. Jiharmu ta Jigawa ta ninka ta girma fiye da sau talatin, amma tun 1967, shekara biyu bayan 'yancin kai, kowane saurayi sai ya yi aikin soja na dole, yanzu na shekara biyu, bayan nan kuma yana cikin sojojin ko-ta-kwana. Suna da jiragen yaƙi F-15 da F-16. Da yake ba fili, har Amurka da Ostareliya suke zuwa atisaye.

A ganina lagonta shi ne ruwan sha. Daga Maleshiya take jawo wani kaso, yarjejeniyar kuma za ta ƙare a 2061. Shi ya sa suka dage wajen tace ruwan teku.