Amsa ga mai tafiya Guangzhou karon farko

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari saƙonka, kana cewa za ka Chana saro kaya karon farko, ta Adis Ababa, kuma kana tambayar finafinai nawa za ka sauke a waya don kada zaman jirgi ya gundure ka. To ni dai abin da na ji a muryarka ba maganar fim ba ce. Abin da kake son sani shi ne yadda za ka sauka Guangzhou da ƙafarka lafiya, washegari ka shiga kasuwa ba tare da ka kwana biyu a ɗaki kana jinyar jiki ba. Wannan zan amsa maka, fim ɗin ma za mu zo kansa.

Ka fara lissafa zaman tukuna. Daga nan zuwa Adis wajen awa 5 ne, sannan ka jira a filin jirgin Bole, sannan daga Adis zuwa Guangzhou awa 10 da wani abu. Kuma agogonsu ya wuce namu da awa 7. Wato kusan yini da dare kana hanya.

Abu na farko ruwa, kuma a nan nake so ku ba ni kunnenku duka, har ku da kuka daɗe kuna tafiyar. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, laimarta ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, kamar tsakiyar hunturu a Kano. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe, ido ya yi ja, kai ya ɗauki ciwo. Amma me mutanenmu suke yi? Tun daga gida mutum zai ɗaure ya ƙi shan ruwa, wai don kada fitsari ya matse shi a sama. Dattijo mai hawan jini, uwa mai ciwon suga, a miƙo musu kofin ruwa su girgiza kai. Saboda me? Kunyar a ce maƙwabci ya tashi su wuce, ko tsoron banɗakin jirgi. Wallahi abin nan yana ci mini rai. Za ka ga baiwar Allah ta yi awa 10 leɓenta ya yi fari fat, tana dafe da goshi, an tambaye ta ta ce lafiya lau. Ina lafiya a nan? Banɗakin nan ba abin tsoro ba ne. Ka tura ƙofa daga tsakiya ta naɗe, ka shiga ka ja sakata, fitila ta ƙara haske, ka gama ka rufe murfin ka danna maɓallin, zai yi ƙara mai ƙarfi saboda iska ce take zuƙewa, shi ke nan. Wanda bai sani ba ya tambayi ma'aikatan jirgi, aikinsu ke nan. Kuma ku matasa da kuke tafiya da iyaye, ku kama hannunsu ku nuna musu tun farkon tashi, kada ku jira sai sun galabaita.

To kai ka riƙa shan ruwa kofi ɗaya duk awa muddin idonka biyu. Ka tafi da gorar roba babu komai a ciki, don masu bincike ba sa barin ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 ya shiga a jakar hannu. Bayan ka wuce su ka cika ta. A Adis ma ka sa ran za a sake bincike, saboda haka ka shanye kafin ka shiga layi. Ruwan famfon banɗakin jirgi kuwa ba na sha ba ne, na wanke hannu ne. Shayi da kofi da goro kaɗan-kaɗan, suna hana barci. Ka sa ɗan basilin ko man kaɗe a ƙaramin gwangwani, ka shafa a leɓe da bakin hanci.

Tunda mun shiga banɗaki bari in ƙarasa da alwala. Ƙasan banɗakin jirgi ba shi da makwarara. Duk ruwan da ka zubar nan zai tsaya, wani ya shigo ya zame, ma'aikata kuma su rufe ƙofar, mutum sama da 200 su koma layi a sauran. Kofi guda ya isa alwala idan ka bi a hankali, kana yi a kan ɗan kwanon wanke hannu, ka goge wurin da takarda in ka gama. Mafi sauƙi ka yi alwalarka a filin jirgi kafin ka hau. Maganar kasaru da haɗa salloli da sallah a zaune, ka zauna da malaminka kafin ranar tafiya, ni ba zan ba da fatawa ba. Abin da zan gaya maka kawai, gabas kuka nufa, saboda haka alfijir zai riske ku da wuri fiye da yadda agogon gida yake nunawa. Ka riƙa ɗaga labulen taga kaɗan kana dubawa. Kuma kada ka shiga banɗaki da safa kawai, ka sa silifas.

Sai kujera. Kowa taga yake so. Ni ina ce maka ka ɗauki ta bakin hanya. Manyan jiragen da suke wannan tafiya yawanci kujeru uku-uku ne, idan kana taga sai ka tashi mutum biyu kafin ka fita, daga nan ne kunya take shigowa, ka daina shan ruwa, ka daina motsi. Ka gaya wa wanda ya yankar maka tikiti ya zaɓa maka tun yanzu, ko ka shiga shafin kamfanin a intanet kwana ɗaya kafin tafiya ka zaɓa da kanka. Daidai fukafuki girgiza ba ta da yawa, can baya ta fi tsanani. Layin da ke gaban ƙofar gaggawa kuma sau da yawa kujerarsa ba ta kwantawa baya. Wajen wanda ya yankar maka tikitin ne kuma za ka nemi a rubuta maka abincin Musulmi, suna sa masa alamar MOML, amma sai an nema aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Idan ka bari sai an fara rabo, babu abin da ma'aikaciya za ta iya yi maka.

Dalilin da ya sa nake nanata motsi, zama wuri ɗaya sama da awa 4 yana sa jini ya yi nauyi a jijiyoyin ƙafa, wani lokaci ya daskare ya zama guda. Idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu, magana ta zama ta rai da mutuwa. Duk awa 2 ka miƙe ka taka zuwa ƙarshen layi ka dawo. Kana zaune kuma ka ɗaga dunduniya ka sauke sau 20, ka ɗaga yatsu sau 20, ka jujjuya idon sawu. Kada ka harɗe ƙafa, kada ka cusa jaka a ƙarƙashin kujerar gabanka ta hana ka miƙewa. Mai ciki, da mai jiki sosai, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa samun wannan matsalar, da matan da suke shan ƙwayar tsarin iyali, su ga likita kafin tafiya. Akwai safa ta musamman mai matse ƙafa zuwa ƙasan gwiwa, ana samu a manyan kantunan magani, amma a auna ƙafar tukuna. Kuma idan ka sauka ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa tana zafi, ko numfashi yana yi maka wuya, asibiti kai tsaye, kada a tsaya murzawa da man zafi. Kumburin ƙafa biyu kaɗan wanda ya sauka bayan ka kwana, wannan an saba gani.

Saboda haka ma ba na son ƙwayar barci a jirgi. A'a, bari in gyara, wanda likitansa ya rubuta masa wannan daban. Ina nufin wanda zai karɓa a hannun abokin tafiya ya haɗiya, ya sanƙare awa 8 a lanƙwashe ko motsi babu.

Barcin kansa ga yadda za ka tsara. Jirgin Adis zuwa Guangzhou yawanci tsakar dare yake tashi, ku isa da rana tsaka zuwa la'asar agogon can, amma ka duba tikitinka. Kana zama ka mayar da agogonka na Chana. Ka ci abinci, ka ɗaura bel a kan bargo yadda za a gan shi don kada a tashe ka idan an shiga girgiza, ka yi barci awa 4 zuwa 5 a farkon tafiyar. Sauran ka zauna ido biyu. Idan kun sauka ka daure har bayan isha'i kafin ka kwanta. Ka tafi da rigar sanyi da safa mai kauri, jirgi da sanyi, Adis ma a kan tudu take, sama da mita 2,300, da dare sanyinta yana ratsa ƙashi. Kaya masu yalwa, takalmi mai sako-sako, shaddar nan mai sitati ka bar ta a akwati.

Ranar tafiya ka haƙura da wake, da ƙosai, da alale, da lemon kwalba. A sama iskar da ke cikin hanji tana ƙara kumbura, ciki ya yi tam. Kunne ma haka ne, kamar minti 30 kafin sauka zai fara toshewa. Ka tauna cingam, ka haɗiyi yawu, ka yi hamma, ko ka toshe hanci ka rufe baki ka hura a hankali, ban ce da ƙarfi ba. Mai goyo ta ba jariri nono a lokacin. Idan kana mura ka nemi maganin buɗe hanci kafin ka hau. Kilishi da dambun nama in ka ɗauka ka cinye a hanya, kwastan ɗin Chana ba sa barin nama ya shiga.

Yauwa, fim ɗinka. Akwai allo a bayan kujera, amma yakan lalace, saboda haka ka sauke naka tun a gida: biyu sun isa, sai karatun Alƙur'ani da wa'azi, da iyafis ɗinka. Sauran lokacin ka ɗauko takarda ka rubuta jerin kayan da za ka saya da farashin da ba za ka wuce ba. Adireshin masaukinka da rubutun Chana ka ɗauki hotonsa, ka kuma buga a takarda, domin WhatsApp da Google da YouTube ba sa aiki da intanet ɗin can. Fawa banki a jakar hannu yake tafiya, ba a kayan awo ba, kuma kada ya wuce 27,000mAh. Idan za ka sake hawa jirgin cikin gida, misali zuwa Yiwu, tun 2025 ba sa yarda da wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Chana, karɓewa za su yi.

Na manta, magunguna. Duk wanda kake sha kullum ya zauna a jakar hannu cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, da fasfo da katin allurar shawara. Ka turo mini hoton tikitin in ga awa nawa za ka jira a Adis.