Tambayi Tanti: Bingo a lakwal, ba caca ba ce kuwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti. Ni ce ma'ajiyar ƙungiyar iyayen yara a wata lakwal nan Bukoki, Yamai. Ƴan CI, wato aji ɗaya, har yanzu a ƙasa suke zama cikin ajin zana, littafin karatu ɗaya yara huɗu ke wa rububi, kuma wallahi mun gaji da bin iyaye kuɗin kotizasiyon. Wata madam da ta zauna Kanada ta ce mu yi daren bingo irin na can, a sai da kati, wanda ya ci ya ɗau kyauta. To maigidana ya ce caca ce. Yaya za mu yi?
Wata uwa daga Bukoki

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar uwa. Maigidanki bai yi ƙarya ba fa. Bingo dai kati ne mai gida 25, ana kiran lamba daga 1 zuwa 75, wanda ya fara cika layi ya ci, to in mutum ya sa dala hamsin ya sayi kati don ya ci buhun shinkafa ai ba shi da maraba da tombola, kuma ranar da limamin unguwa ya yi magana a kai ko mutum goma ba za ki gani ba.

Ku raba katin kyauta. Maimakon lamba ku sa kalmomi, ƴan CI da CP (aji ɗaya da biyu) haruffa, ƴan CM (aji biyar da shida) kalmomin Faransanci, mushe na kira yaro na nema, uwa na gefe tana sa tsakuwa a kai, ko ba ta yi boko ba an yi da ita kenan. Kyautar kuma kar ta wuce kaye da bik da alli.

Kuɗin a abinci za ku same shi, kopto da dambu, fari masa, bisap mai sanyi, kowace uwa ta kawo abin da ta iya. Sai a aje tire gaban mutane a ce tabul-ban, wato teburin zaman yara, kaza ake so, kafinta ya ce jika kaza, Alhazan unguwa in sun ga ana kallonsu hannu ba ya nauyi, kin dai gane.

Kuma don Allah a bar zancen dare. Asabar bayan la'asar a watse kafin magariba, cikin Disamba ko Janairu tun zafi bai kawo ba, in ba haka ba wuta ta ɗauke ku rasa yadda za ku yi da yara ɗari cikin duhu. Ku nemo kaka guda mai baki ta buɗe da gatanan gatananku, sannan ƴan CM2 su karanta wa ƙannensu shafi ɗai-ɗai.

Ke da ke riƙe da kuɗi, a ƙirga su nan take gaban darakta da mutum biyu na COGES, wato kwamitin kula da lakwal, ran Litinin a rubuta abin da ya shigo a allon bakin ƙofa.